Lallen da Na Shuka a Murfin Injin Babana

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce da ta gama kwalejin horar da malamai, ina zaman jiran aiki a ƙauyenmu da ke tsakanin Kafur da Malumfashi. Ban da karance-karance da kallon gajimare, ba wani abin kirki na iya ba. Mahaifina yana da injin niƙa a bakin kasuwa. Da shi muke ci, da shi aka yi mini karatu. Har yau in na lumshe ido ina jin ƙamshin sabuwar masara da ɗumin gari a tafin hannu, ina ganin ƙore da robobi sun yi layi, kowace da ƙyallen da mai ita ta ɗaura don shaida.

Akwai wata dattijuwa da ke yi mana bakace da tankaɗe, muna ce mata Goggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Saboda ita matan aure ke aiko mana da niƙa, don sun san ba za ta bari garin wata ya shiga na wata ba. Takan tsokane ni wai boko ya cinye mini ƙashi, ko faifai na ɗauka sai ka ce jarida nake karantawa. Ni kuma in ce ta kwantar da hankalinta, ranar da aka kai ni ɗaki da ita zan tafi ta riƙa yi mini tuwo.

A wata kaka aiki ya yi yawa, bel ɗin injin ya riƙa zamewa, kuma duk gyara sai an kwance murfin ƙarfen da ke rufe shi. Baba ya gaji, ya cire murfin ya jingine a bayan rumfa, ya ce in kaka ta wuce a mayar. Ni kuwa da na gan shi, dogo mai zurfi kamar komin shayar da dabbobi, sai na cika shi da ƙasa da taki na shuka lalle. Kaka ta wuce, lallena ya kama, ya yi kore shar. Da bakaniken da ke zuwa mana daga Funtua ya ga bel yana gudu a buɗe, ya ce wa Baba hankalinsa bai kwanta ba, wuri ne na mata masu gyale. Baba ya yi dariya ya ce ya tambayi 'yar boko, ta mai da murfin lambu. Na marairaice na roƙi a bar mini shi zuwa Sallah, in tsinki ganyen in yi ƙunshi. Baba bai taɓa iya ce mini a'a ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Goggo ta sunkuya za ta kwashe garin da ya zube, bel ya kama gefen gyalenta ya fizge ta. Kafin Baba ya kashe injin, hannunta na dama ya karye. Muka garzaya da ita asibiti a Malumfashi, ina rungume da kanta, gari fari fat a fuskarta, tana ta ce mini in daina kuka kada in tara mata mutane.

A makon nan Baba ya zubar da lallen ya mayar da murfin, amma layin bai dawo ba. Magidanta suka hana a kawo mana niƙa, suka gwammace injin da ke can gaba da kasuwa, duk da nisansa da kaushin garinsa. Matan da ke aiko mana saboda Goggo su ma suka janye. Jinya ta cinye abin da kakar ta kawo, wuni guda sai ya wuce ba a tayar da injin ba. Daga ƙarshe wani mutumin Mahuta ya saye shi. Ina tsaye aka ɗora shi a mota, da murfinsa a ɗaure tsaf, har da sauran ƙasar lallena a lungunsa.

Goggo tana nan da ranta, sai dai hannun ba ya ɗaukar faifai. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. In na je gaishe ta sai ta ce yanzu mun zama ɗaya, daga ni har ita babu mai iya bakace. In yi dariya a gabanta, in share hawaye a hanya.

Abin da na koya shi ne, mutane ba niƙa kaɗai suke kawowa wurin sana'a ba, har da amanar lafiyarsu, kuma in ta zube ba ta kwasuwa. Baba ya so ya rage ɓata lokaci, ni na so ado, muka rasa injin gaba ɗaya. Masu injin niƙa, masu casa, masu sussuka, ina roƙonku: duk abin da aka yi don kare ma'aikaci, ku bar shi a inda aka sa shi, ko da 'yar da kuka fi so ce ta roƙa. Sallah ta zo ta wuce sau da dama tun daga nan, ni dai ban sake ƙunsa lalle ba.