Ranar da Kwamfutar Akawu Ta Yi Shiru

A ofishin, Akawu kowa yake ce masa. Idanunsa sun daina gani tun yana saurayi, bayan wani ciwo da ya kwantar da shi. Aikinsa shi ne ya saurari muryoyin da aka naɗa a wajen taro, ya buga abin da aka faɗa. A kwamfutarsa akwai manhaja mai karanta masa duk abin da ke kan allo da muryar tsohuwa. Gwaggo ya raɗa mata, don ba ta gajiya da surutu.

Wata safiya ya kunna kwamfutar, ya maƙala abin sauraro a kunne. Shiru. Ya danna maɓallan da yatsunsa suka haddace, ba abin da ya ji sai ƙarar fanka.

"Yaya, don Allah duba min allon nan," ya ce wa matar da ke teburin kusa da nasa.

"Wai an gama sabunta tsarin kwamfutar. Har da barka suka yi maka."

Mai gyaran kwamfutocin ofishin ya zo. Ya kashe ya kunna, ya cire manhajar ya sake sa ta, ya gwada lasifika. Kiɗa yana fita rangaɗau, Gwaggo ce dai ta ƙi magana.

"Sabon tsarin ne bai jitu da ita ba," ya ce. "Da na mayar maka da tsohon, to oga ya hana, saboda masu kutse."

"To ni fa?"

"Sai masu manhajar sun fito da gyara."

"Yaushe?"

Akawu ya ji shi yana tattara wayoyinsa.

Kafin ya tafi ya kunna masa wata muryar da ta zo da sabon tsarin, ta namiji, mai sauri, mai tsallake rabin abin da ke shafi. Maɓallanta ma daban. Akawu ya yini yana goge abin da ya buga. Kafin mako ya ƙare, oga ya miƙa manyan tarukan ga wani, ya bar masa gajeru, wai don ya huta.

Har yanzu shi yake fara zuwa ofis. A gida matarsa ta lura ya daina kawo labarin wurin aiki.

"Maigida, an gyara kuwa?"

"Ana kai," ya ce, ya laluba ya jawo kwanon abincinsa.