Mai Madubi da Burodin Ƙanwarsa

A asibitin kowa Mai Madubi yake ce masa, har matarsa ma in tana son tsokana. Ɗakin aikinsa yana can ƙarshen baranda, kullum cikin warin sinadari. Nan ake kawo masa ɗan naman da likita ya tsakuro daga ciki ko hanjin majiyyaci, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Sai ya daskarar da shi cikin kakin kyandir, ya yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, ya rina, ya ɗora a gilashi.

Kafin ya miƙa wa likita, sai ya leƙa ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Abin da ya fi so shi ne ƙwayoyin garkuwar jiki, shuɗi-shuɗi, a jere a bangon hanji. Masu gadi yake kiransu. Yakan ce su ne ke tantance kowace loma, su bar abinci ya wuce, su tare cuta. Matarsa kuwa ta hana shi wannan zance a kan tabarmar cin abinci.

Wata shekara ƙanwarsa ta kama rama. Gudawa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, zani har ya daina zama a ƙugunta. Da aka tsakuro nata, a teburinsa ya sauka. Ranar sai da ya fita ya sha iska kafin ya iya yanka. Da ya leƙa, ya ga masu gadin sun yi cincirindo, bangon da suke tsaro ya siɗe. Likita ta duba, ta ce alkama ce ke tunzura su su far wa gidansu, dole ƙanwar ta bar ta har abada.

Ta bari, ta murmure, har ta yi ƙiba. Amma ba ta taɓa gode masa ba.

"Yaya, kai ka raba ni da burodi," in ji ta, duk haɗuwa.

Yanzu ya yi ritaya, cutar yana ta rufe masa ido ɗaya, an mayar da ɗakin nasa ma'ajiyar kujeru. Wani lokaci yakan tsinci yatsunsa suna murza iska, kamar mai saita madubi. Ƙanwar, da furfurarta, takan zo da hantsi ta ja kujera kusa da shi. In matarsa ta kawo shayi, ita ke karɓa ta riƙe masa kofin, ta jira ya huce.