Bakin Mama a Madubi

Shekarata ta farko a Alƙahira ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Maigidana ɗalibi ne, in ya fice da safe sai magariba, ni kuwa ina ƙunshe a ɗaki a unguwar Hadayek el-Maadi, babu mai ce mini ci kanki. Na ce masa ya mayar da ni Zariya. Ya ce in yi haƙuri ya gama jarrabawa.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wata tsohuwa 'yar Koriya, ɗanta yana da gidan abinci a Maadi. Ita ma ita kaɗai take wuni. Larabcinta guntu, nawa guntu, a kan matakala muke haɗawa mu gaisa, ina ce mata Mama. Rannan na ga rubutun Koriya a jikin kwalbar man riɗin da ta riƙo, na tambaye ta yadda ake karanta shi. Sai ta ja hannuna zuwa ciki. Karatu ya fara ke nan.

Da wasula ta soma. Layi a tsaye mutum ne, a kwance ƙasa ce. In ɗan guntu ya fito wa na tsaye ta dama, "a" ke nan. In ya hau kan na kwance, "o". Rubutun bai ba ni wuya ba, sautin ne ya ƙi. Akwai wani tsakanin "a" da "o" da na rasa inda yake zaune. Ta faɗa, in maimaita, ta girgiza kai. Ta yi ta nuna bakinta da yatsa, ni kuwa idona yana ƙasa. Yaya zan ƙura wa sa'ar kakata ido? A gidanmu sunan wannan rashin kunya.

Da ta gaji ta rufe littafin da take koya mini da shi, ta ce khalas, wato shi ke nan. Na hau sama ina kuka. Na san ta ɗauka raina karatun na yi, ga shi ita kaɗai gare ni a garin.

Washegari na sauka da kunun gyaɗa a kwano, na lallaɓa da ɗan Larabcina na gaya mata a wurinmu aibi ne yaro ya kalli fuskar babba. Sai ta fashe da dariya. Ta ce ita ma har uwar mijinta ta rasu ba ta taɓa haɗa ido da ita ba. Ta ɗauko madubi ta jingina a bango, ta zaunar da ni gefenta.

"Ba ni za ki kalla ba, ya binti. Gilashi za ki kalla."

Na kalla. Bakinta a sake yake, nawa a tsuke kamar mai hura wuta. Na saki haɓata, sautin ya fito da kansa. Mama ta dafa gwiwata ta ce tamam, wato ya yi daidai.

Da maigidana ya gama jarrabawa ya tambaye ni maganar komawa gida. Na ce ya bari tukuna, Mama tana jirana gobe, ba mu gama wasula ba.