Buɗe Shi Ta Dama

Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin nan kafin in tafi, zan ba ku na wata rana a watan Mayu da har yau ban manta da ita ba. Lokacin jami'a sabuwa ce, ba a daɗe da mai da mu ƙetaren kogi ba, wajen Lamorde. Ni kuma ban daɗe da barin gidan rediyo ba, inda nake fassara labarai daga Faransanci zuwa Hausa. An kawo ni ɗakin littattafai a matsayin mataimakin shugabar wurin, wata mata da kowa ke ce wa Madam.

Tsarin wancan zamani ya sha bamban da naku. Ɗalibi ba ya shiga inda littattafai suke. Yakan duba katuna a cikin durowa, ya rubuta lambar littafin a ƴar takarda, ya miƙo mini, ni in shiga in ɗauko masa. Littafin da muke da kwafi ɗaya tak mukan sa masa jan layi a gefe, ma'ana a nan za a karanta shi, ba a fita da shi.

Akwai wani ɗalibi ɗan Damagaram, Lawali, mai karatun labarin ƙasa. Ɗan gidan malamai ne, shi ya sa abokansa Zabarmawa ke ce masa Alfa. Ya riga ya maimaita aji sau ɗaya, doka kuwa ba ta yarda da na biyu ba. Malaminsu ya ba shi aikin rubutu a kan noman shinkafa a Saga, wanda zai miƙa kafin jarrabawar ƙarshen shekara. In bai miƙa ba, kora ce.

Kullum Lawali ne farkon shiga. Littafi ɗaya yake nema, wani ƙato mai jan layi a kan noma da kamun kifi a kwarin kogin Kwara, tun daga Mali har Gaya. Yakan zauna da shi har a tashi. Sauran ƴan ajinsu su ma suna buƙatar littafin, sai gunaguni ya fara. Ran nan na ji Sumana, abokin zamansa, ya leƙa ta kafaɗarsa ya ce, "Alfa, in ka sauke, rago za a yanka mana ko masa za a raba?" Aka yi dariya. Lawali ya ci gaba da karatunsa.

Da maganar ta kai ga Madam, sai ta kira ni ofis. Ta ce, "Isufu, littafin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Daga gobe da safe kawai za ka ba shi." Na ce ta yi mini izini in yi magana da shi tukuna. Ta ce in yi, amma yau.

Da azahar, bayan mutane sun ragu, na ja kujera kusa da shi.

"Lawali, ina ka kai?"

"Masuntan Mali, Malam Isufu."

"Saga fa?"

"Ban iso ba tukuna."

Na dubi inda ya sa yatsa. Ko sulusin littafin bai ci ba, ga jarrabawa ta ƙarato. Na tambaye shi abin da ya hana shi zuwa kai tsaye inda aka yi maganar shinkafa. Ya dube ni kamar na ce ya yi salla ba alwala.

"A gidanmu ba a tsallake shafi," in ji shi. "Kuma ba a taɓa wani littafi sai an sauke na hannu. Baba yakan ce raini ne ga wanda ya rubuta."

A nan na gane ba lalaci ke damunsa ba, ladabi ne. Da na ce masa tarbiyyar gidansu kuskure ce, da ya gode mini ya ci gaba da masuntansa. Sai na rufe littafin na kife shi a kan tebur.

"Littattafan babanka ta wane gefe ake buɗe su?"

"Ta dama."

"To, buɗe wannan kamar nasa."

Ya yi murmushi, ya ɗaga bangon baya. Littattafan Faransa, kamar yadda kuka sani, a ƙarshe suke jera sunayen babi-babi da shafukansu. Lawali ya san da wurin, amma ya ɗauka wuri ne da ake isa bayan an gama. Na ce masa marubucin da kansa ya ajiye wannan shafi don mai nema ya san ƙofar da zai shiga, wanda ya bi ta kuwa bai raina shi ba, umarninsa ya bi. Muka sami babin shinkafa can kusa da ƙarshe. Na nuna masa jerin kalmomi da ke kafin wannan shafi, muka nemo Saga, muka ga duk shafukan da aka ambace ta.

Bai gamsu sosai ba sai da muka juyo kan sunayen littattafan da marubucin ya dogara da su. Ya bi sunayen da ido, ya ce, "Malam Isufu, wannan ai silsila ce. Yana faɗin wanda ya karɓa daga gare shi."

Na ce haka ne.

"To ai wajibi ne in je wurin malamansa."

Shi da kansa ya tashi ya nufi durowar katuna. Daga sunayen nan ya samo wani rahoto a kan fadamun Saga da wata mujalla, dukansu muna da su, ba wanda ya taɓa neman su. A rahoton ma ya sake bin silsila. Na ba shi shawara ɗaya da na koya a gidan rediyo: ya rubuta tambayarsa a jimla ɗaya ya ajiye a gabansa, duk shafin da bai amsa ta ba ya bar shi sai wani lokaci.

"Wane lokaci?" ya tambaya, da gaske.

"Da hutu. Littafin ba inda za shi."

Washegari kafin hantsi ya maido da shi, Sumana ya karɓa. Madam ba ta sake kirana a kan maganar ba. Lawali ya miƙa aikinsa a kan lokaci, ya wuce aji. Malaminsu ya gaya mini daga baya cewa babin da yaron ya karanta, ya karanta shi da natsuwar da bai gani wurin kowa ba. Wannan ba ni na koya masa ba, daga gida ya zo da ita. Da damina ta faɗi, ɗalibai duk sun watse, ya dawo ya nemi littafin, ya ɗora daga masuntan Mali har ya sauke.

Abin da na koya shi ne, aikinmu bai ƙare a ɗauko littafi daga kanta ba. Kowane ɗalibi yana shigowa da yadda aka koya masa riƙe littafi, kuma da wuya ya faɗa sai an zauna an tambaye shi. Kuna yawan yi mini tsiya cewa na tsufa, ina miƙa wa sababbin ɗalibai littafi a kife. Da gangan nake yi. Wanda ya juya shi ba tare da ya leƙa shafukan ƙarshe ba, shi nake ja wa kujera.