Ƙwan Mai Dabo

Ina saurayi wani mai dabo ya zo kasuwar Malanville da 'yan busa ƙaho. Ya jawo ni gaban jama'a, ya zaro ƙwai daga wandona, ya ce, "Ga kazar garinku!" Tun ranar Kaza ake ce mini, har ɗiyana suka taso suna ji.

Bara ya dawo, ya tsufa. Na tsaya na lura da wasansa, na gane cikin riga yake ɓoye ƙwan. Washegari kafin ya fara na rungume shi da ƙarfi, na ce, "Baba, marhaba!" Na ji sun fashe. Gwaiduwa na zuba, mutane na dariya, na ɗaga murya: "Baba, yau wa ya yi ƙwan?"