Hannun Rigar Auta

Almakashi ake ce mata, ba don ɗinki kaɗai ba, har da bakinta. Tela ce tun tana budurwa, a wani ɗan shago mai keke biyu da fasasshen madubi. Da tef ɗin awonta ta raini 'ya'ya biyar, da shi kuma take sanin sirrin unguwa. Kafin mace ta gaya wa mijinta tana da ciki, Almakashi ta riga ta saki rigar a ƙugu, ta kuma gaya wa maƙwabta.

Duk duniya autarta kaɗai take tsoron rasawa. Yarinyar ta auri wanda ta zaɓa, ta haihu tana da shekara goma sha takwas, haihuwar da sai da aka yi mata aiki har aka ƙara mata jini. Daga nan ta canza. Ga ciwon kai, ga ƙuraje, ga faɗa babu dalili, ga al'ada da ta rikice, yau ta ɗauke jibi ta dawo. Uwar ta ce sangarta ce kawai.

Ranar da Auta ta kawo yadi, tef ya nuna ta yi ƙiba. Almakashi tana cikin mita ta zagayo damtse, sai yatsanta ya taɓa wani abu a ƙarƙashin fata kamar tsinken ashana. Ta san shi sarai, robar tazarar haihuwa ce. Ta sha taɓa irinta a hannun matan mutane, ta sha kuma yi da su.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta zagi asibiti, ta zagi mijin, ta haɗa da danginsa da ba su ji ba ba su gani ba. Sannan ta jawo rezar da take farke ɗinki, ta ce a miƙo mata hannun yanzun nan.

Auta ta janye hannunta.

"Mama, ni na ce a sa min. Likita ta ce in na sake ɗaukar ciki yanzu, ɗinkin cikina zai iya buɗewa. Jinin nan ya ishe ni, zan koma su duba ni. Amma duk watannin nan da nake fama, ko sannu ba ki taɓa ce min ba."

Ta naɗe yadinta ta kai wa telan bakin titi, wanda Almakashi ke cewa ko buhu bai iya ɗinkawa ba. Har yau a rigunan da ya ɗinka mata take zuwa gaida uwarta, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Almakashi tana gani, yatsunta na ƙaiƙayi, amma Auta ba ta ƙara zama inda tef zai kai gare ta ba.