Madubin Hagu

Motar maigidana ta girmi aurenmu. Ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, rufinta na tamfol, kuma ta yi ƙasa sosai har in ka zauna a ciki kamar a kan tabarma kake. Wani Bature da zai koma gida ne ya sayar masa da ita tun kafin a canza hannu a ƙasar nan, shi ya sa sitiyarinta yake a dama. Ba ta ɗaukar buhun shinkafa, ba ta ɗaukar baƙo, amma shi a wurinsa babu mota a duniya sai ita.

Da gwamnati ta tashi daga Legas ta dawo Abuja, aka kwaso ma'aikatarsu, mu ma aka kwaso mu. Kujerun falona suka taho a buɗe ruwan sama yana dukansu, ita kuwa aka lulluɓe ta da bargunana.

Madubin ƙofar hagu dama can yana da lalura, ƙwallon da yake juyawa a kai ya cinye. A Legas ba wanda ya damu, don a cunkoson can mai tallar burodi ma wuce ka yake yi. Abuja kuwa ga titi shimfiɗe ba kowa, sai maigida ya tuna cewa motar tsere gare shi. Da ya taka ta, iska sai ta sunkuyar da madubin ya koma kallon kwalta. Haka na zama mai riƙon madubi. Duk Asabar za mu tafi Zuba sayen lemo da ayaba, ina gefen hagu, hannu ɗaya a kan madubi, ɗayan yana kokawa da mayafina.

Ina yi ina mita, amma gaskiya ina son fitar nan ƙwarai. Yara duk suna makarantar kwana. A rukunin gidajen da aka ba mu ban san kowa ba, kowa ya shiga sai ya ja ƙofarsa. Daga Litinin zuwa Juma'a ni da bango muke wuni. Asabar ɗin nan kaɗai nake jira, kuma ban taɓa faɗa masa ba, don kansa ba ya buƙatar ƙarin girma.

Sai abokan aikinsa suka hango mu a hanya. Ranar Litinin ofis ya ɗauka, wai oga ya sayi madubi mai mayafi. Ya dawo yana huci, ya ce gyaran madubin nan ya zama dole, in an gama ni ma sai in huta a gida, shi zai riƙa sayo lemon. Har ya ƙara da cewa akwai wani darakta da ya daɗe yana roƙon a ɗana shi. Na ce Allah ya taimaka, amma raina ya ɓaci sosai.

Ya fara da kansa. Ya cusa tsinken ashana, madubin ya tofar. Ya ɗaure shi da robar tayar keke, rana ta cinye robar. Da dabara ta ƙare masa muka nufi Lugbe, wadda a lokacin ƙauye ce a bakin hanyar filin jirgi, wurin wani bakanike mutumin Gbagyi da ke aiki a gindin mangwaro. Na bi shi ne don ko zuwa wurin gyaran sai an riƙe madubin.

Maigida ya tsaya ya karanta wa mutumin tarihin motar da Turanci, tun daga jirgin ruwan da ya kawo ta. Mutumin yana ta gyaɗa kai yana kallon tukunyar doyarsa. Daga ƙarshe maigida ya ce shi abu ɗaya yake so, a kafe madubin nan yadda har abada ba zai sake motsi ba. Ana haka aka kira la'asar, ya tsallaka titi ya tafi masallaci, ya bar ni zaune a kujerata.

Bakaniken ya kwaɓa gam ɗin nan mai haɗi biyu, ya ɗura wa ƙwallon har ya cika. Kafin ya bushe sai ya yi abin da ya saba yi wa kowace mota a ƙasar nan, ya juya madubin yana tambayar wanda ke zaune a hagu, inda direba ya saba zama, da gurguwar Hausarsa.

“Hajiya, kana ganin baya?”

Na ce ya ɗan ɗaga. Ya ɗaga. Na ce ya ɗan turo ciki. Ya turo, sai ga titi tar har ƙarshensa. Tambayata aka yi ko ina gani, kuma ina gani, to me zan ce? Ya riƙe shi a haka har gam ya kama.

Maigida ya dawo, ya girgiza madubin da hannu biyu, ko gezau. Ya yaba wa mutumin, har da cewa irinsu ƙasar nan take nema. Sai da muka hau titi muka tarar da wata tirela tana jan jiki, ya kai ido hagu zai wuce ta. Daga inda yake zaune babu abin da madubin ke nuna masa sai kunyoyin doya da wata akuya. Ya miƙo hannu ta gabana ya murɗa, ya sake murɗawa, madubi ya ce bai san zancen ba. Muka bi bayan tirelar nan muna shan hayaƙi har gari.

Satin nan bai yi mini maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na san sarai zai iya sa a fasa madubin a nemo wani, ko ya koya wa daraktansa leƙen baya. Da Asabar ta zo na ƙi shiryawa, na zauna a falo ina tsintar shinkafa. Na ji ya tayar da motar, ta yi ta ruri a tsakar gida, sannan ya kashe ta. Ya leƙo, bai kalle ni ba, agogonsa yake kallo.

“Ke sai rana ta take za ki ɗauko mayafin?”